Takardar Bogi Ba Tsoron Allah Ba Ce

  

Makonni kaɗan da suka shige, bayan mun tashi daga karatun yamma, sai na tarar da mahaifin wata ɗalibata yana jirana a ƙofar makaranta. Mutum ne mai kamala, ma'aikaci, wanda ba a rasa shi a sahun gaba. Muka gaisa, ya ja ni gefe, ya ce: "Malam, tambaya gare ni. Shin mutum irina, mai albashi, ya halatta a ba shi zakka idan bashi ya yi masa katutu?" Na ce: "Subhanallahi! Alhaji, me ya yi zafi haka?" Ashe a kan hanyarsa ta komawa gida ne tsautsayi ya gitta, ya buge wani magidanci mai sayar da kayan miya a kan babur. Mutumin ya karye a cinya, babur ya tashi daga aiki. Da aka je ofishin 'yan sanda, Alhaji ya fito da takardun motarsa cif-cif, har da ta inshora. Jami'in ya danna lambar motar a wayarsa, ya ɗago kai ya ce masa wannan takarda babu kamfanin da ya san da zamanta. Naira 4,000 ya ba wani saurayi a gindin bishiya, kusa da ofishin sabunta takardu, aka bugo masa ita cikin minti goma. Yanzu kuɗin aiki a asibitin ƙashi, da gyaran babur, da cefanen gidan mara lafiya, duk sun dawo wuyansa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na tuna wata rana a majalisarmu ta bayan isha'i da aka ɗauko zancen inshora, wannan bawan Allah da bakinsa ya ce: "Ai haramun ce. Ni dai takarda nake saya don 'yan sanda su bar ni in wuce." Aka yi ta gyaɗa kai, wasu har da cewa masha Allah. Ni ma da nake zaune ban ce uffan ba, kuma wannan shiru nawa yana daga cikin dalilan wannan rubutu.

Ya kai ɗan uwana mai karatu, bari in fara da abin da ba ni da ja a kansa. Maganar da malamai suka yi a kan inshorar kasuwanci magana ce mai tushe, kuma daɗaɗɗiya. Tun a ƙarni na goma sha tara, babban malamin Hanafiyya Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya tattauna irin lamunin da fatake ke biya wa kayansu na jirgin ruwa, bai kuwa yarda da shi ba. A 1977 majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna. A watan Disamba na 1985 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke irin wannan hukunci. Hujjojinsu sanannu ne: akwai garari, wato mutum ya biya kuɗi a kan abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, akwai kama da caca, akwai kuma riba a yadda kamfanoni ke juya kuɗin da suka tara. Gaskiya ne an sami manya da suka saɓa, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, wanda ya rasu a 1999, to amma ra'ayin mafi yawa shi ne na farko, kuma shi nake karantarwa.

Sai dai ina so wani ya nuna mini, a cikin duk waɗannan fatawoyi, inda aka ce mafita ita ce a sayi takardar jabu. Wanda ya yi haka bai tsira daga komai ba. Kuɗi dai ya biya. Bambancin kawai shi ne maimakon su shiga asusun da wata rana za a share wa wani hawaye da shi, sun shiga aljihun ɗan damfara. Ya ƙarfafi mai buga takardar ƙarya a kan sana'arsa. Shi kansa kuma duk shingen da ya tsaya ya miƙa wannan takarda, shaidar zur ya miƙa, domin yana cewa da jami'i "ina da lamuni" alhali ya san ba shi da shi. Mun gudu daga shubuha mun faɗa cikin abin da babu malami ko ɗaya da ya yi saɓani a kan haramcinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, sannan an sanya wa abin rawani an kira shi tsantseni.

Kuma akwai mutum na uku da muke mantawa da shi, wanda dominsa aka kafa dokar tun farko. Inshorar da ake tilasta wa masu ababen hawa, wadda dokarta ta samo asali tun 1945, ba motarka take karewa ba. Haƙƙin wanda ka buge take karewa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a babin hukunce-hukuncen jini an ɗora wa mahayin dabba lamunin ɓarnar da ta yi da ƙafarta yana kanta. Idan haka ne ga jaki da raƙumi, ina ga ƙarfe mai gudun kilomita ɗari? A shari'a, idan kisan kuskure ya auku, dangin mutum na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya diyya cikin shekara uku, ɓarnar dukiya kuwa daga aljihun wanda ya yi ta take fita. To, tsakani da Allah, wa ke da aƙila a cikinmu yau? Wane matashi ne a Kano ko Kaduna zai buge mutum, 'yan uwan babansa su taru su haɗa diyya? Abin da muke yi shi ne mu tara dattawa mu je gidan wanda aka cuta, a yi ta "haƙuri, ƙaddara ce", har sai kunya ta sa ya ce ya yafe, alhali zuciyarsa ba ta yafe ba, yaransa kuma ba su ci abinci ba. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba ta taɓa sauke lamuni daga wuyan kowa ba.

Na san amsar da ke bakin wasu, domin na sha jin ta: "Malam, ai ko ta gaskiyar ka saya, kamfanonin nan ba sa biya." Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya kawo mu ga hukumar da yawancinmu ba mu ma san da ita ba.

Sunanta Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM. An kafa ta da doka a 1997, hedkwatarta tana Abuja, shugabanta kuma ana kiransa Kwamishinan Inshora. A 2024 aka naɗa Olusegun Omosehin a kan wannan kujera. Idan kana neman misalinta a littattafanmu, to aikin muhtasibi take yi, mai kula da kasuwa. Asalin wannan aiki yana cikin abin da Imamu Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya kuma tsawatar wa mai shi. Kasuwar inshora ta fi kowace kasuwa buƙatar irin wannan hannu, saboda hajar da ake sayarwa a cikinta alkawari ce. Mai sayen gero yana iya ɗiba ya duba. Mai sayen inshora ba zai san abin da ya saya ba sai ranar da musiba ta sauka, ranar da ba shi da ƙarfin ja-in-ja da kowa.

Ta yaya hukumar ke cusa hannu a tsibin? Matakin farko shi ne lasisi: babu mai ikon sayar da inshora a Nijeriya, kamfani ne ko dillali, sai da rajistarta. Wancan saurayi na gindin bishiya tun daga nan ya faɗi. Na biyu shi ne jari, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne ƙashin bayan lamarin. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutane dubu ɗari yana alkawarin biyan wanda ya yi hasara, dole ya zama yana da abin biya ko da hasarar ta zo da yawa a lokaci guda. A gyaran da aka kammala a 2007 an wajabta wa kamfanin inshorar rai jarin naira biliyan 2, na sauran hasarori biliyan 3, mai haɗa biyun biliyan 5, mai lamunce wa kamfanoni kuma biliyan 10. Wannan ya sa kamfanoni sama da ɗari suka narke suka koma 49. To amma ka lura da abin da zamani ya yi wa waɗannan lambobi. A 2007 dala ɗaya tana wajen naira 125, ka ga biliyan 3 ta kai kimanin dala miliyan 24. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, wannan biliyan 3 ɗin ba ta wuce dala miliyan 2 ba. Kuɗin gyaran mota da na asibiti da na gini sun yi ta hawa, garkuwar da ke bayan alkawarin tana ta sirancewa. Hukumar ta yi yunƙurin ƙara jarin a 2019, shari'o'i a kotu suka dakatar da ita. Sai a 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin zuwa biliyan 10 ga inshorar rai, 15 ga sauran hasarori, 25 ga mai haɗawa, 35 ga mai lamunce wa kamfanoni, aka kuma ba su wa'adin shekara guda su cika.

Bayan jari, tun a dokar 2003 an tilasta wa kowane kamfani ajiye kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin jarinsa a Babban Bankin Nijeriya, inda hannunsa ba zai kai ba yadda ya ga dama. Dole ne kuma ya riƙa miƙa wa hukumar lissafin kuɗinsa kowace shekara, ta duba ko kadarorinsa sun rinjayi alkawuran da ke kansa. Waccan doka ta yanka wa kamfani kwana 90 ya biya diyyar da ya amince da ita bayan an sa hannu a takardar sallama. Ta 2025 ta ƙara tsanantawa a kan jinkiri, ta kuma tanadi asusu na musamman domin kare masu inshora idan kamfaninsu ya durƙushe.

Shin hukumar tana da haƙora, ko kuwa kurari ne kawai? A watan Yuni na 2022 ta soke lasisin kamfanoni biyu, Niger Insurance da Standard Alliance, ta naɗa masu tattara kadarorinsu. A watan Oktoba na 2024 ta rushe hukumar gudanarwar African Alliance, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin inshorar rai a ƙasar, ta ɗora shugabancin riƙo, bayan da kamfanin ya kasa biyan haƙƙoƙin mutane, musamman 'yan fansho masu karɓar kuɗinsu wata-wata ta hannunsa. Saboda haka haƙora akwai su. Amma ba zan yi wa hukumar kara ba: cizon yakan zo a makare. Kafin a kai ga soke lasisi ko rushe shugabanci, dattijon da ya ba da ƙuruciyarsa ga aikin gwamnati ya riga ya yi watanni yana zarya da sandarsa. Muhtasibin da ba ya zuwa kasuwa sai bayan an cinye jiƙaƙƙen hatsi an yi ciwon ciki, akwai gyara a aikinsa. Sai dai ka lura, ɗan uwa, wannan hujja ce ta a matsa wa hukumar lamba ta yi aikinta da wuri. Mai takardar bogi ba shi da bakin yin wannan ƙorafi, domin shi ko ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba shi da ita. Wanda ya sayi ta gaskiya, idan kamfani ya yi masa taurin kai, zai rubuta wa kamfanin, ya adana kwafi, in bai ga haske ba ya kai kuka sashen karɓar ƙorafi na hukumar, ba sai da lauya ba. Alhajinmu fa, wa zai kai ƙara? Bishiya?

Saura uzuri na ƙarshe, wanda ya fi kowanne kama da ilimi: "lalura ce, an tilasta mana haram, shi ya sa muke neman mafi arha." Da farko, malaman da suka haramta inshorar kasuwanci su ne dai suka ce wanda hukuma ta tilasta wa ya biya, babu laifi a kansa. Ba su ce ya yi ƙarya ba. Na biyu, wannan uzuri ya tsufa. Tun a 1979 Bankin Musulunci na Faisal ya kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, ƙasar Shaihu Siddiƙ Darir, mai shahararren littafin nan a kan garari. Maleshiya ta yi dokar takaful a 1984. A nan gida, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 kuma ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, wasu suka biyo baya. Tsarin a taƙaice shi ne: abin da ka zuba kyauta ce ga asusun mahalarta, da niyyar taimakon duk wanda musiba ta sama a cikinku, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki ko abokin mudaraba, ba a juya kuɗin a harkar riba, idan shekara ta ƙare an sami rara ana mayar wa mahalarta kasonsu, idan an sami giɓi kamfani ya ranta wa asusun ba tare da ruwa ba. Malamai sukan kafa hujja da al'adar Ash'ariyawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi guda su raba daidai, Annabi (SAW) kuma ya yabe su a kan haka.

A nan ne nake so matasanmu masu kishin addini su buɗe ido sosai. Kalmar "takaful" a jikin allon kamfani ba ta isa shaida ba, kamar yadda gemu bai isa shaida a kan mudun ɗan kasuwa ba. Wa zai tabbatar an raba asusun mahalarta da na masu hannun jari? Wa zai tabbatar rarar da aka ce babu, da gaske babu? Ni da kai ba mu da ikon buɗe littattafansu. Ƙa'idojin hukumar ne suka wajabta raba asusun biyu, suka wajabta wa kowane kamfani majalisar masana shari'a da za ta riƙa duba ayyukansa, ita ma hukumar tana da tata majalisar mashawarta. Ashe ke nan halaccin abin da muke saya ya rataya ne a kan ingancin sa idon wannan hukuma. Musulmin da ya ce babu ruwansa da ita, ya bar tsaron addininsa a hannun sa'a.

Ina kuma da buƙata a wurin hukumar, ina fata wani zai isar. Har yau abin da ake tarawa na inshora a Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba. Mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, mun ga ambaliyar Kantin Kwari a 2022, mun ga attajirai sun kwana da dukiya sun tashi suna jiran tallafi. Mutanen nan ba a taron otal da Turanci za a same su ba. A fassara sharuɗɗan takardun zuwa Hausa, da boko da ajami. A shiga rediyo. A riƙa bayyana wa jama'a, da harshen da suke ji, kamfanin da ya fi yawan ƙorafi da wanda ya fi saurin biya. Mu ma malamai da laifinmu: mun iya cewa "haramun" a kan mumbari, mu sauka ba mu gaya wa direba abin da zai yi gobe da safe ba. Mata nawa ne ke takaba ba su san dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba? Ko da mutum yana da tambaya a kan hukuncin karɓar kuɗin, ai sai ya san da su sannan zai kawo wa malami tambayar.

Ga mai abin hawa kuwa, lissafin a fili yake. Tun daga 1 ga Janairu 2023 hukumar ta ƙayyade kuɗin wannan inshora ta tilas a kan naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000 na da, ta kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da abin da ya shafi rauni ko rasa rai. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a 4,000, ka san abin da yake sayarwa. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda a kan tituna. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da kowa zai iya dubawa: ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga askniid.org, ka sa lambar motarka. Ka biya kamfani ko wakilinsa mai rajista kai tsaye, ka karɓi rasit ka adana, domin tun 2013 ake aiki da ƙa'idar cewa lamuni ba ya hawa kan kamfani sai kuɗi sun shiga hannunsa.

Game da tambayar Alhaji, na ba shi amsa gwargwadon abin da na sani: mai bashin da ba shi da abin biya, kuma bai ci bashin don saɓo ba, yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata, sai dai a fara duba abin da ya mallaka wanda ya wuce buƙatarsa. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To ai motar ce, Malam." Ya sa ta a kasuwa a makon da ya biyo baya. Mai kayan miya an yi masa aiki, an sa ƙarfe a cinyar, likita ya ce sai ya yi wata uku kafin ya taka. Ranar Asabar da ta wuce, bayan darasin fiƙihu na ajin manya, na ce duk mai mota ko babur ya fito da wayarsa mu danna lambar nan tare. Mu goma sha ɗaya ne. Huɗu ne kawai lambarsu ta fito, kuma ni ba na cikinsu.